Sharhi a kan rumbun CPDB: me yake nuna wa mai bincike game da mazan ɓeraye da matansu a sankarar hanta?

Carcinogenic Potency Database, wanda aka fi sani da CPDB, rumbun bayanai ne na kyauta da ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa dabbobi na tsawon lokaci domin a gano ko wani sinadari yana haddasa sankara, da kuma gwargwadon ƙarfinsa idan yana haddasawa. An gina shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Lois Swirsky Gold tare da Bruce Ames da sauran abokan aikinsu, kuma kashin farko ya fito a mujallar Environmental Health Perspectives a 1984. Zuwa lokacin da aka daina ƙara masa sababbin bayanai, ya ƙunshi gwaje-gwaje 6540 a kan sinadarai 1547, waɗanda aka ciro daga maƙalun da aka buga har zuwa 2001 da kuma rahotannin hukumomin gwaji na gwamnatin Amurka har zuwa 2004. Gold ta rasu a 2012. Rumbun ya daɗe a cikin shafin TOXNET na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, kuma bayan an rufe wannan shafi a watan Disamban 2019 aka bar fayilolinsa domin duk mai so ya sauke.

Na auna wannan hidima da tambaya guda ɗaya, wadda na ga ɗalibanmu na fannin haɗa magunguna da na kimiyyar sinadaran jiki suna yawan tsallake ta: idan aka bai wa babban ɓeran ɗakin gwaji (wanda ake kira rat da Turanci, nau'i ne dabam da ƙaramin ɓera, wato mouse) sinadarin da ke lalata hanta, shin namiji da mace suna kamuwa da sankara daidai wa daida, kuma idan ba daidai ba ne, mene ne dalili? Hukuncina shi ne rumbun yana amsa rabin farko na tambayar cikin tsari da gaskiya, amma ƙa'idojin da aka gina shi a kansu sun hana shi taɓa rabi na biyu, kuma wanda bai san da haka ba zai fita daga cikinsa da fahimta gurguwa.

Babban abin yabo shi ne yadda aka ware jinsi tun daga tushe. A jadawalin taƙaitawa, kowane sinadari yana da layinsa, kuma a gabansa akwai gurabe huɗu na sassan jikin da ƙari ya fito: mazan manyan ɓeraye, matansu, mazan ƙananan ɓeraye, matansu. Mai neman hanta zai bi alamar liv da ido, ya ga inda ta bayyana a gurbin maza ba ta bayyana a na mata ba, ko akasin haka. Hanta ce sashen da ya fi kowane yawan fitowa a cikin rumbun, a manyan ɓeraye da ƙanana duka, saboda haka abin dubawa yana da yawa. Daga nan sai a shiga cikakken jadawali, inda kowane gwaji yake zaman kansa, da irin ɓeran da aka yi amfani da shi, da jinsinsa, da hanyar da aka ba shi sinadarin, ko a abinci ko a ruwan sha ko ta ɗura, da tsawon gwajin, da adadin waɗanda ƙari ya fito musu a kowane rukuni, har da rukunin da ba a bai wa komai ba. An rubuta komai da gajerun alamu masu haruffa uku, f34 ga ɓeran Fischer 344, sda ga Sprague-Dawley, wis ga Wistar, hpc ga sankarar ƙwayoyin hanta. Karatun yana da nauyi a karon farko, domin tsari ne na zamanin da ake buga irin wannan jadawali a takarda, kuma dole mutum ya ajiye shafin fassarar alamun a gefensa. Wannan ba aibu ne babba ba, ana sabawa.

Ma'aunin da rumbun ya shahara da shi ana kiransa TD50, kuma Richard Peto da Malcolm Pike da Leslie Bernstein tare da Gold da Ames ne suka fayyace shi a 1984. Shi ne adadin sinadari, a miligiram kan kowane kilogiram na nauyin jiki a kowace rana, wanda idan aka ci gaba da bai wa dabba tsawon rayuwarta zai rage da rabi yiwuwar ta kai ƙarshen rayuwar ba tare da ƙari ba. An ɗauki shekara 2 a matsayin tsawon rayuwar ɓera. Duk lokacin da adadin ya yi ƙanƙanta, to sinadarin ya fi ƙarfi. Aflatoksin B1, gubar da naman gwari ke zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, tana da TD50 na 0.0032 a babban ɓera, sinadarin NDEA, wanda masu gwajin hanta suka fi sani da DEN, yana da 0.0265, ɗan uwansa NDMA kuma yana da kimanin 0.096. Waɗannan alƙaluma ba su tsaya a ɗakin gwaji ba, domin da aka gano gurɓatar maganin hawan jini na valsartan da NDMA a 2018, hukumomin kula da magunguna sun ɗauko su ne suka lissafa iyakar da aka yarda mutum ya sha a rana, wato nanogiram 96 na NDMA da 26.5 na NDEA. Rumbun da ake yanke irin wannan hukunci da alƙalumansa ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci.

Sai dai a nan ne matsala ta farko take ga mai tambaya irin tawa. Adadin TD50 da ke cikin jadawalin taƙaitawa guda ɗaya ne ga babban ɓera, guda ɗaya ga ƙarami, kuma an same shi ne ta hanyar haɗa sakamakon duk gwaje-gwajen da suka nuna sankara, na maza da na mata, aka fitar da matsakaici. Tamkar a juye hatsin gonaki biyu a buhu ɗaya ne sannan a tambayi wace gona ta fi yabanya. Wanda ya kwafi wannan adadi ya sa a kundin digirinsa bai faɗi komai a kan jinsi ba. Dole ya sauka zuwa cikakken jadawali, ya nemo gwajin da aka yi wa maza da mata na iri ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya, ta hanya ɗaya, ya kwatanta TD50 ɗinsu tare da iyakokin tabbacin da aka rubuta a gefe. Idan iyakokin sun shiga juna sosai, bai kamata a yi iƙirarin bambanci ba. Kwatanta namijin Wistar na wani gwaji da macen Fischer ta wani gwajin daban ba ya nuna tasirin jinsi, domin irin ɓera shi kaɗai yana iya sauya sakamako.

Akwai wani ɗan lissafi da masu rumbun suka yi wanda na ga ya dace a yaba, ko da yake yana buƙatar a lura da shi. Yawancin tsofaffin maƙalu suna faɗin yawan sinadarin da aka zuba a abinci ne kawai, ba su faɗin abin da kowace dabba ta ci. Domin a mayar da shi zuwa miligiram kan kilogiram, rumbun ya ɗauki namijin babban ɓera a matsayin mai nauyin giram 500 da ke cin giram 20 a rana, macen kuma mai giram 350 da ke cin giram 17.5, wato kashi 4 cikin 100 na nauyin jiki ga namiji, kashi 5 ga mace. Ma'anar wannan ita ce abinci iri ɗaya yana zama kaso mafi girma a jikin mace. Saboda haka idan ƙari ya fito wa maza da mata daidai, TD50 na macen zai ɗan fi na namijin girma, kuma wannan ɗan bambanci na lissafi ne, ba na halitta ba.

Yanzu ga abin da mai karatu zai gani idan ya yi wannan aiki. A sinadarai da dama da ke lalata ƙwayar gado, wato DNA, kai tsaye, namiji ne ya fi saurin kamuwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne aflatoksin. An gano ta bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil, kuma a 1961 aka nuna cewa wannan abinci yana haifar da ƙarin hanta a ɓeraye. A 1967 Gerald Wogan da Paul Newberne na jami'ar MIT ta Amurka suka ciyar da ɓerayen Fischer abinci mai kashi 15 kacal cikin biliyan na aflatoksin B1, kuma duk waɗanda suka kai ƙarshen gwajin, maza da mata, sun kamu da sankarar hanta, sai dai matan sun yi jinkirin makonni da dama kafin cutar ta bayyana. Wannan gwaji yana nuna wani rauni na ma'aunin da ya dogara da ƙidayar ƙarshe: idan kowa ya kamu, ƙidaya ba za ta nuna bambanci ba, domin bambancin yana cikin lokaci ne. Rumbun yana da cikakken bayanin ranar mutuwar kowace dabba ne a gwaje-gwajen gwamnatin Amurka da wasu kaɗan, amma a yawancin maƙalun da aka ciro daga mujallu jimilla kawai aka samu. Mai son ganin jinkirin mata sai ya koma ga maƙalar asali.

Misali na biyu shi ne 2-AAF, sinadarin da aka ƙirƙira domin kashe ƙwari amma aka fasa sayar da shi bayan an gano a 1941 cewa yana haddasa sankara a ɓeraye. Namiji yana samun ƙarin hanta da shi fiye da mace nesa ba kusa ba, yayin da mace, musamman ta irin Sprague-Dawley, ƙarin yake yawan fito mata a nono. Rumbun zai nuna wannan rabuwar, amma dalilinta yana wani wuri, a aikin James Miller da Elizabeth Miller na Jami'ar Wisconsin, waɗanda suka nuna cewa jiki ne da kansa yake mayar da sinadarin guba. A 1960 suka gano matakin farko na wannan sauyi, kuma a 1970 suka nuna cewa inzayim ɗin (wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki) da ke kammala shi ta hanyar liƙa masa salfet ya fi aiki a hantar namijin ɓera fiye da ta mace.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa kullum namiji ne ke kan gaba, kuma a nan rumbun yana da amfani ƙwarai wajen gyara wannan zato. A gwajin da Richard Kociba da abokan aikinsa suka buga a 1978, an ciyar da ɓerayen Sprague-Dawley gubar dayoksin, wato TCDD, tsawon shekara 2, kuma sankarar hanta ta ƙaru a mata amma ba ta ƙaru a maza ba. An ga irin wannan karkata zuwa mata a gwajin garwaye-garwayen sinadaran masana'antu na PCB da aka buga a 1998. Waɗannan sinadarai ba sa lalata ƙwayar gado kai tsaye, aikinsu shi ne rura ƙwayoyin da suka riga suka sami tabo. Wanda ya bi gurabe huɗun nan da haƙuri zai gane cewa alkiblar bambancin tana bin irin sinadarin ne da yadda yake aiki, kuma jimlar da ake yawan gani a gabatarwar kundaye, cewa mata suna da kariya daga sankarar hanta, ba ta da inganci idan aka faɗe ta haka kawai.

Daga nan ne rumbun yake yin shiru, kuma shirun ba na sakaci ba ne. Masu shi sun rubuta sharuɗɗan shigar da gwaji a fili: sai an ba da sinadarin shi kaɗai ba tare da wani ba, sai an ci gaba da ba da shi a kai a kai na aƙalla rubu'in rayuwar dabbar, sai gwajin ya kai aƙalla rabin rayuwar, sai akwai rukunin kwatance da aƙalla dabbobi 5 a kowane rukuni, kuma sai ba a yi wa dabbar tiyata ba. Sharuɗɗa ne masu ma'ana ga wanda burinsa shi ne ya jera sinadarai bisa ƙarfinsu. Amma kusan duk gwajin da ya bayyana dalilin bambancin maza da mata ya karya ɗaya daga cikinsu. Fiɗiye namiji tiyata ce, cire wa mace ma'ajiyar ƙwai tiyata ce, cire ƙullin fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tiyata ce, ƙara wa dabba homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jini, kuma sinadari ne na biyu. Don haka gwajin George Lucier na 1991, wanda ya nuna cewa cire ma'ajiyar ƙwai yana rage tasirin dayoksin a hantar macen ɓera ƙwarai, ba shi da gurbi a ciki.

Haka ma hanyar da Dennis Solt da Emmanuel Farber suka bayyana a 1976, wadda a kanta aka gina mafi yawan abin da aka sani a wannan fanni. A wannan hanya ana yi wa ɓera allurar DEN sau ɗaya, miligiram 200 kan kilogiram, daga baya a ciyar da shi 2-AAF na mako 2, a tsakiyar wannan lokaci kuma a yanke kusan kashi biyu cikin uku na hantarsa domin a tilasta mata tsirowa. Ƙwayoyin da suka sami tabo su ne ke iya yaɗuwa a ƙarƙashin gubar, sai su taru su zama ɗigo-ɗigon da ake iya ƙirgawa. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin, ciki har da Agneta Blanck da Jan-Åke Gustafsson, sun yi amfani da ita suka nuna cewa ɗigon yana girma da sauri a maza fiye da mata, kuma idan aka riƙa ɗura wa namiji homon na girma ba yankewa, hantarsa tana komawa ta yi irin amsar mace. Asalin abin shi ne fituwitarin namijin ɓera yana sakin wannan homon ne a dunƙule kusan kowane awa 3 zuwa 4, tsakanin dunƙule da dunƙule kuma jini ya kusan wofinta, na mace kuwa yana sakinsa kusan ba tsayawa. Hanta tana karanta wannan salo ta hanyar furotin STAT5b, kamar yadda David Waxman da wasu suka nuna, sai ta kunna inzayim ɗin CYP2C11 a namiji, CYP2C12 a mace. CYP2C11 yana cikin inzayim ɗin da ke mayar da aflatoksin B1 siffar da ke manne wa ƙwayar gado. Ashe homon ɗin maraina da na ma'ajiyar ƙwai suna yin wani ɓangare na aikinsu ne ta hanyar ƙwaƙwalwa, ba a kan hanta kai tsaye kaɗai ba. Ko layi ɗaya na wannan bayani babu a CPDB.

Binciken da aka fi ambata a yau ma yana waje. A 2007 Willscott Naugler da Michael Karin na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka ruwaito a mujallar Science cewa bayan allurar DEN duk mazan sun sami ƙarin hanta, mata kuwa kashi 13 cikin 100 ne, kuma sun danganta hakan da furotin kumburi na IL-6 da ƙwayoyin Kupffer na hanta ke fitarwa, wanda homon ɗin mata ke dannewa. Allura ɗaya ce aka yi, gwajin ya zo bayan an rufe tattara bayanai, kuma mafi muhimmanci, a ƙananan ɓeraye aka yi shi. Ina ganin ana jingina wannan sakamako ga babban ɓera ba tare da an bambance ba, alhali dabbobin biyu ba sa tafiya tare a koyaushe. Rumbun ma yana nuna hakan, domin aflatoksin B1 da ke da matuƙar ƙarfi a babban ɓera ba ta yin irin wannan tasiri a ƙaramin ɓera baligi, saboda hantarsa tana da inzayim mai saurin kwance gubar.

Wani giɓin kuma ba na rumbun ba ne, gado ya yi daga masu gwaji. Gwaje-gwajen NTP, shirin gwajin guba na gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 1978, galibi suna amfani da dabbobi 50 na kowane jinsi a kowane rukuni, saboda haka kwatancen maza da mata a cikinsu yana da ƙarfi. Haka ma babban gwajin NDEA da NDMA da Peto ya buga sakamakonsa a 1991, wanda aka yi da ɓeraye 4080, maza da mata. Amma maƙalu masu yawa maza kaɗai suka gwada, kuma gajeriyar hanyar mako 8 da Nobuyuki Ito ya tsara a Nagoya ta Japan an gina ta ne a kan mazan Fischer 344. A jadawalin taƙaitawa, gurbin da ba a yi gwaji ba da gurbin da aka yi gwaji ba a sami komai ba suna da alamu mabambanta, kuma wanda ya ruɗe tsakaninsu zai ƙirƙiri bambancin jinsi inda babu shi. Sai a watan Janairun 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara buƙatar masu neman tallafinta su lissafa jinsi a tsarin gwajin dabbobi, shekaru bayan an rufe rumbun.

Game da ɗan Adam, rumbun bai yi alkawarin komai ba, kuma masu shi sun sha gargaɗi cewa ana gwada sinadarai ne a ma'auni mafi girma da dabba za ta iya jurewa, abin da suke ganin yana cikin dalilan da suka sa kusan rabin sinadaran da aka gwada suka nuna sankara. Gaskiya ne cewa sankarar hanta ta fi kama maza fiye da mata da ninki 2 zuwa 3 a yawancin ƙasashe, amma a Afirka ta Yamma cutar hanta nau'in B tana haɗuwa da aflatoksin a jiki ɗaya, kuma ɓeran ɗakin gwaji ba ya ɗauke da wannan cuta. Bambancin inzayim tsakanin maza da mata a hantar mutum ma bai kai na ɓera tsanani ba.

Ga ɗalibin da ke shirin gwada tasirin zogale ko wani tsiro a kan hantar da aka lalata da DEN, kuma ya riga ya yanke shawarar sayen mazan Wistar kawai saboda haka waɗanda suka gabace shi suka yi, ina ba da shawarar ya buɗe layin sinadarin a CPDB kafin ya je gidan dabbobi, ya ga irin ɓerayen da aka gwada da jinsinsu da sashen da ƙari ya fito, sannan ya rubuta dalilinsa na zaɓen jinsi ɗaya idan har ya tsaya a kan haka. Idan jadawalin asali ya yi masa nauyi, ƙungiyar Lhasa Limited da ke Leeds a Ingila, wadda ba ta neman riba, ta ɗauki bayanan CPDB ta zuba su a wani rumbu na kyauta mai suna Lhasa Carcinogenicity Database, inda ake iya nema da sunan sinadari ko siffarsa, kuma ta sake lissafa TD50 da hanyarta ta ajiye shi kusa da na Gold. Inda adadin biyu suka saɓa, ya kamata a faɗi wanda aka ɗauka da kuma gwajin da ya fito daga ciki, na maza ne ko na mata.